Okbun da Bas ɗin Kallon Ganye

A ƙauyen Solti, can cikin kwarin Sangju, hannun mace ake duba a san yawan kakar da ta yi a gidan miji. Ruwan ɗanyar kanya yana rina fata, ya shige ƙarƙashin farce ya yi zamansa, ba sabulun da ya isa ya tashe shi. Hannun Pyo Okbun ya sha wannan rini sau arba'in da tara. Sunan ma ba kowa ya san shi ba. Tsofaffi suna ce mata 'yar Hamchang, don daga garin aka auro ta, sauran kuma Maman Yongtae. Okbun ɗin yana kan katin asibiti ne kawai.

Kanyarmu ba ta ciwuwa ɗanya. Babba ce kamar dunƙulen hannu, ka gatsa ta ɗaure maka baki har ka kasa kiran sunanka. Sai an fere ta, an rataye ta a rumfar shanya mai hawa biyu wadda ba ta da bango, busasshiyar iska mai sanyi ta yi kwana sittin tana ratsa ta, sannan ta yanƙwane ta yi zaƙi, farin gari ya fito mata a jiki. Da ita ake cika faifan kakanni ranar tunawa da su, da ita ake kai gaisuwar sabuwar shekara. Da ita kuma Okbun ta kai 'ya'ya uku makaranta.

Tana da shekara ashirin da biyu aka kawo ta, da bazara. Da ranar Sanggang ta zo, ranar da kalanda ta ce farar raɓa za ta fara sauka, surukarta ta miƙa mata wuƙa da 'yar kujera, ta zaunar da ita a ƙasan rumfa, bayanta yana fuskantar ƙofa don haske ya faɗa kan hannu. Surukar ta mutu, wuƙar ta zama ɗan inji mai juya kanya mutum yana riƙe da aska, igiyar ciyawa ta zama ƙugiyar roba, amma kujerar ba ta juya ba. Daga Sanggang zuwa kwana ashirin da biyar, Okbun ba ta ganin komai sai kanya tana juyawa a gabanta da ɓawo yana zuba a kwando. In ta miƙe, to ganye ya riga ya zube, lokacin haɗa kimcin hunturu, wato kabejin da ake tsumawa da gishiri da barkono, ya yi.

Mijinta, Chu Bongdal, ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, giyar shinkafa ma kofi ɗaya yake sha ya kife. Matsalarsa ɗaya: ya riƙi kalanda kamar uban da ya haife shi. A wurinsa shekara kashi uku ce, bazara ta shuka, damina ta faɗa da ciyawa, hunturu na miƙe ƙafa a ɗaki mai ɗumi. Kaka kuwa gada ce, ana wucewa ne, ba a zama. In ka ce masa sama ta yi kyau, sai ya ɗaga kai ya ce e, shanya za ta yi.

Duwatsun da suka kewaye Solti duk itacen fir ne da aka dasa bayan yaƙi, kore shar rani da damina, ba su san wani canza launi ba. Ganyen kanya kuwa masu tsinka ne ke kakkaɓe shi kafin ya nuna. Saboda haka mai son ganin kaka da idonsa sai ya fita. Kowace shekara, mako guda bayan Sanggang, bas yakan tsaya a bakin zauren tsofaffi ya kwashi waɗanda suka rabu da gonakinsu, zawarawa da masu 'ya'ya a birni, a kai su dutsen Juwang kallon ganye. Da safe Okbun takan ji tashinsa ta bayanta. Da yamma ta ji dawowarsa, kiɗa yana tashi, tsofaffin mata suna rawa a tsakanin kujeru kamar ba su ne ke kukan gwiwa ba.

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne 'yan birni. Sukan zo ran Lahadi da manyan kyamarori su tsaya a bakin rumfarta, inda kanya dubu talatin ke rataye jere-jere kamar labule, suna cewa ga kaka, ga kaka ta gaske. Wata shekara har hoton rumfar ya fito a kalandar da ake rabawa a kasuwa. Ga kanya ja-wur, ga ɗan bayan wata tsohuwa a kusurwa da ɗankwali. Bongdal ya manna shi a bango yana nuna wa baƙi. Ita kuwa duk sanda ta kalle shi sai ranta ya ɓaci, don ta gane ita ce kakar da wasu ke zuwa kallo, ita ba ta taɓa kallon ta kowa ba.

Ba ta taɓa faɗa ba. A ganinta wannan ba buri ba ne da mace mai hankali za ta buɗe baki ta ambata. Ba abinci ba ne, ba magani ba ne, ganye ne kawai da ke shirin mutuwa. Kullum tana ce wa kanta akwai baɗi.

A daminar da ta cika saba'in da ɗaya ta lura sandar wutar lantarki da ke bakin hanya ta lanƙwashe. Ta rufe ido ɗaya, sandar ta miƙe. Ta rufe ɗayan, tsakiyar sandar ta ɓace. Ranar kasuwa ta shiga gari ita kaɗai ta ga likitan ido. Wani matashi ne mai sanyin murya, ya haska mata fitila ya daɗe yana kallo, sannan ya yi mata bayani a hankali kamar mai lallashin yaro. Can bayan idon ne ke bushewa. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa. Ba za ta makance duka ba, za ta riƙa ganin gefe-gefe, ta iya tafiya ba ta faɗa rami ba, amma abin da ta sa wa ido shi ne ba za ta gani ba, launi ma zai dushe. Ta tambaye shi yaushe. Ya ce ba ya son yin alkawari, amma in akwai abin da take so ta kalla, ta kalle shi bana.

Mutum ɗaya ta gaya wa, Gumne, bazawarar da ke ƙarshen layi, wadda ta girme ta da shekara huɗu kuma ta fi kowa baki a Solti. Gumne ta sayar da itatuwanta ran da aka kwana arba'in da tara da binne mijinta, tun daga nan ba bas ɗin da ya tashi babu ita. Suna zaune a kan gadon katako a tsakar gida suna tsinke barkono Okbun ta faɗa mata. Gumne ba ta ce sannu ba.

"To me kike so ki kalla? Kada ki ce mini fuskar Bongdal, wannan ko da ido biyu ba abin kallo ba ce."

"Ganyen nan naku, Yaya."

"Shi ke nan? Na ɗauka tsibirin Jeju za ki ce." Ta share hannu a zani. "Zan sa sunanki. Kujerar taga, kusa da ni. In tsohon nan ya buɗe baki ki turo mini shi."

A kasuwa ta gaba Okbun ta sayi jar rigar hawan dutse irin wadda matan bas ke sawa, ta naɗe ta a leda ta cusa ƙasan akwatin barguna.

Kakar bana kuwa ta zo da wani hali. Okbun ba ta taɓa ganin kaka sosai ba, amma ta san ta da fata da hanci fiye da kowa a kwarin. Ta san safiyar da ruwan famfo ke fara cizon yatsa, ta san ranar da ƙuda ke daina tashi. Bana saura kwana uku Sanggang sauro yana cizo. Wanki yana kwana a igiya bai bushe ba. Furen kabewa bai daina fitowa a bayan katanga ba. Kanya ta yi ja a itace an tsinko ta, tana jibge cikin akwatuna, amma iskar da za ta busar da ita ba ta iso ba.

Wannan ya zo mata daidai, kuma ta san ya zo mata daidai, shi ya sa ta yi ta juya maganar kwana biyu don ta tabbatar ba son zuciya ba ne. Da rana, suna cin shinkafa da miyar waken suya, ta ce masa a kai akwatunan ɗakin sanyi na ƙauye, a jira kwana goma ko sha biyu. In aka fere kanya cikin wannan ɗumi, ba bushewa za ta yi ba, narkewa za ta yi. Bongdal ya nuna kalanda da tsinken cin abincinsa, ya ce ubansa ranar Sanggang yake farawa, uban ubansa ma haka, kuma kowa a Solti gobe zai kunna inji. Ta ce kowa a Solti ya leƙa waje mana ya ga ko akwai raɓa. Ya ce waɗanda suka rubuta kalanda sun fi ta karatu.

Sai ya ajiye cokali ya kalle ta. Ashe Gumne ta riga ta cika zauren tsofaffi da labarin kujerar taga.

"Ke dai faɗi gaskiya, Maman Yongtae. Bas ɗin nan ne."

"Har da shi."

"Da tsufanki. Ganye ne fa. In ja kike so ki gani, ga shi nan dubu talatin a akwati."

Ta gaya masa abin da likita ya ce, duka, ba ta rage ba. Ya daɗe yana kallon kwanonsa, kuma ta ga abin ya taɓa shi. Amma Bongdal mutum ne da in tsoro ya kama shi sai ya nemi inda aiki yake ya fake.

"Likitoci ba sa rasa abin faɗa," in ji shi. "Tsufa ne. Kuma feraya ai da hannu ake yi, kin fi shekara ashirin ba kya ko duba askar."

Ya ɗauka kwantar mata da hankali ya yi. Ta tattara kwanuka ta fita, ta tsaya a bakin famfo. A shekara arba'in da tara ba ta taɓa jin ta tsane shi ba sai ran nan.

Ranar Sanggang aka kunna inji. Ta ce masa za ta yi feraya kwana bakwai ba ɗaga kai, rana ta takwas kuwa ba ta nan, ya nemi wadda za ta zauna a kujerarta. Ya juya ya ci gaba da jera ƙugiya. Ta zauna ta yi aiki irin wanda ba ta taɓa yi ba, ita da mata biyu da suke ɗauka daga gari duk shekara, har hawan sama ya cika, na ƙasa ya kusa. Ana feraya ana share gumi, abin da ba a taɓa yi ba. Ƙananan ƙudaje suka cika kwandon ɓawo.

Rana ta shida aka fara yayyafi. Ba ruwan kirki ba, wani ɗumi-ɗumi mai kama da tururin tukunya. Hazo ya sauko ya zauna a kwarin ya ƙi tashi.

Safiyar tafiya ta tashi ta dafa shinkafa, ta naɗe ta da ganyen teku da ƙwai, ta dafa gyaɗar kurmi, ta ɗaure komai a ƙyalle. Ta ciro jar rigar ta sa, ta ja zif har wuya. Tana tsallaka tsakar gida ta ji ƙarar. Faf. Can kuma faf. Kamar ana yar da jiƙaƙƙen tsumma daga sama. Ta san ko mene ne tun kafin ta leƙa. Kanyar ta yi laushi, nauyinta ya fi ƙarfin wuyanta, tana zamewa daga ƙugiya tana faɗowa ƙasa ta fashe. Waɗanda ba su faɗo ba sun fara baƙin ɗigo-ɗigo na funfuna. Rumfar tana warin tsami.

Bongdal yana kan tsani. Shekararsa saba'in da shida, ya rungumo babbar fanka ta ƙarfe a ƙirji yana hawa da hannu ɗaya, matakin yana santsi da ruwan kanya. Ya waiwayo ya ga rigar, ya ga ƙullin abincin. Bai ce mata komai ba, ya juya ya ci gaba da hawa.

Da ma ya hana ta. Da ya daka mata tsawa ya ce ba inda za ta, da ta bi ta gabansa ta fice ko waiwaye babu, ta yi shirin wannan tun kwana bakwai. Shirun ne ba ta shirya masa ba. A bakin hanya bas ya danna ham. Ta taka har bakin ƙofa, Gumne ta zuge taga ta leƙo da hularta mai faɗin baki.

"'Yar Hamchang, iye, ka ga amarya. Taho mana, na hana kowa kujerar, har na yi faɗa da matar shugaban ƙauye."

"Suna zubowa, Yaya."

"Na kowa ma suna zubowa. Ki tsaya ki tare su da zani ne?"

"Yana kan tsani shi kaɗai."

"Shi ya hau da ƙafarsa. Ke ce kika ce a jira, duk garin nan an ji. Shigo, kanya akwai ta baɗi." Gumne ta rage murya. "Idon ne babu."

Direba ya sake danna ham. Okbun ta ɗora ƙafa ɗaya a matakin bas ɗin. Daga rumfa aka ji wani abu ya faɗi da ƙarar ƙarfe. Ba Bongdal ba ne, fankar ce ta suɓuce masa, amma kafin ta san haka ta riga ta sauke ƙafar ta juya. Ta dawo ta miƙa wa Gumne ƙullin abincin ta taga, ta ce a raba a hanya. Gumne ta karɓa tana zaginta, wawiya, jaka, baiwar kanya, hawaye yana bin kumatunta. Bas ya ja.

Ba wanda ya tsare ta, kuma wannan ne abin da ya fi ci mata rai daga baya. Ta nemi wanda za ta ɗora wa laifin ranar ta rasa, sai ƙafarta.

Kwana tara suka yi suna fama. Sun jera fanka shida, fankar tana kaɗa jiƙaƙƙiyar iska daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sun kunna murhun gawayi a ƙasa, ɗumin ya ƙara narkar da na sama. Okbun ta bi layi-layi tana cire masu funfuna don kada su shafa wa sauran, tana gane su da yatsa tun kafin ta kai ido. Duk wadda ta tsallake yau gobe ta kamu. Daga baya suka daina ceto suka koma kwasa. Da shebur ake tara abin a baro, a tura bayan gona a zuba a rami. Takalmanta suka yi ta manne wa ƙasa. Haka aka yi a kowane gida a Solti, don kowa ya bi kalanda, ban da wani bare da ya dawo daga birni shekara uku da suka wuce, wanda ake yi wa dariya don bai san ranakun gargajiya ba. Shi ya leƙa waje ya ga ba sanyi, ya bar tasa a ɗakin sanyi.

Kwana sha shida bayan Sanggang, da asuba, farar raɓa ta sauka. Sama ta washe, iska ta zo busasshiya mai yankan kunne, irin wadda kanya ke so. A rumfar Bongdal abin da ya rage bai cika layi huɗu ba. Ya tsaya a tsakar gida hannu a baya yana kallon farin da ya rufe murfin tuluna. Ta jira. Ba ta nemi ya durƙusa ba, kalma ɗaya take so. Ya yi gyaran murya ya ce shekarar ce ta zo a haka, ba wanda ya isa ya sani. Sannan ya tambaye ta ko an yi odar gishirin kimci.

Gumne ta kawo mata hotuna a waya, Okbun ta ce ta mayar da abarta aljihu. Allon ƙarami ne, duk inda ta kalla a cikinsa nan ne babu.

Ƙarshen watan sha ɗaya babban ɗanta Yongtae ya zo daga birnin Daegu da matarsa don haɗa kimci. Mutum ne mai kirki da gaggawa, irin 'ya'yan da ke son iyayensu da mota. Gumne ta tare shi a bakin hanya ta wanke shi tas, ta ce uwarsa ta shekara saba'in ba wanda ya taɓa kai ta kallon ganye, 'ya'ya uku kamar ba ta haifa ba. Maganar ido ce kawai ba ta faɗa ba, don Okbun ta sa ta yi rantsuwa. Yongtae ya shigo gida kunya ta rufe shi. Washegari da safe, da aka gama yanka kabeji ɗari aka jiƙa shi a ruwan gishiri, ya ce Mama ta shiga mota, yanzu-yanzu, za su je su dawo kafin kabejin ya yi laushi. Ta ce ai lokaci ya wuce. Ya ce bana komai ya makara, wataƙila akwai saura. Ita ma sai ta yarda akwai saura. Duk hanya zuciyarta tana bugawa kamar ta yarinya, tana jin kunyar kanta.

Filin ajiye motoci a gindin Juwang ya kai girman gonar shinkafa goma, motoci biyar ne a cikinsa. Rumfunan abinci rabi a rufe. Suka wuce haikali suka kama hanyar da ke bin rafi. Manyan duwatsun suna tsaye tsirara, itatuwa sun zama tsinke, toka-toka har iyakar gani. Ganyen duk yana ƙasa, ya yi ruwan ƙasa, ruwan sama ya taka shi, ƙafafun mutane dubu sun bi ta kai. Yana ƙara a ƙarƙashin takalminta. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya mai yatsu biyar, ta kai shi gefen ido inda take gani. Launin busasshen ɓawo ne, irin wanda take zubarwa a kwando.

Yongtae ya yi ta sauri gaba yana leƙa kwana, ko zai samo mata itace ɗaya da bai zube ba. Ya dawo yana haki. A hanyar fita wata mai sayar da tuffa ta ce musu ai sun makara da mako biyu, bana ja ɗin ya yi kyau ƙwarai, an ce an daɗe ba a ga irinsa ba. Okbun ta tambaye ta yaya yake in an shiga ciki. Matar ta yi dariya ta ce ita ina ta sani, lokacin ne kasuwa ke ci, masu saukowa ne ke ba ta labari.

Suka zauna a wani benci. Yongtae ya sayo mata shayin citta mai zafi a kofin takarda, ya riƙe mata hannu, ya ga baƙin da ke cikin tsagar fatar, ya kau da kai.

"Ki yi haƙuri, Mama. Laifina ne. Baɗi zan ɗauki hutu tun da wuri, ran da ya fi ja za mu zo. Ko Baba ya yarda ko bai yarda ba."

Ta juyo ta kalle shi. Ga kunnuwansa, ga furfurar da ta fara fito masa a gefe, ga wuyan rigarsa. Inda fuskar take kuwa wani hayaƙi ne. Wata biyu da suka wuce tana ganin idanunsa.

"To," ta ce.

"Da gaske nake, Mama. In da rai."

Rai kam akwai shi, ba shi take tsoro ba. Mahaifiyarta ta kai casa'in da uku, ita ma ƙashinta irin na uwar ne, ba ciwon sukari, ba hawan jini. Ta lissafa a zuci, kaka ashirin na nan tafe, ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan yaron zai cika alkawari, zai kawo ta ran da ya fi ja, ya tsayar da ita a gaban itace yana tambayarta ko ta gani. Ta kurɓi shayin.

Ya ce ko su ɗan ƙara shiga ciki, akwai inda ruwa ke zubowa daga dutse, shi ba ya zubewa da kaka. Ta miƙe ta kakkaɓe bayan wandonta.

"Mu tafi gida," ta ce. "Kabejin nan in ba a juya shi ba gishiri zai cinye na ƙasa."